Juya Rigar Ki Gani

A cikin birnin Zariya, a wani lungu da mota ba ta shiga, akwai zauren da wani dattijo yake shimfiɗa buzunsa kullum da hantsi, tun yana saurayi har furfura ta game masa kai da gemu. Sana'arsa ɗinkin hannu. Yakan ɗora babbar riga a gwiwa, ya bi zanen tawada da allura, sai ya yi wata uku ko huɗu a kan riga guda kafin ya ce ta ƙare. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, shi ma mahaifin wurin nasa uban. Amma 'ya'yansa maza kowa ya kama gabansa: wannan direba, wannan malamin makaranta, wancan yana sayar da waya a Kaduna. Allura ta rasa magaji.

Duk unguwa an san shi da hali guda. In aka kawo masa riga aka ce, "Malam, duba mana ko ta yi kuɗinta," ba ya ko kallon gabanta. Sai ya juya ta, ya sa yatsa ya bi bayan ɗinkin tun daga cin wuya har zuwa shafi, sa'an nan ya yi magana. Yakan ce, "Gaban riga na mai kallo ne. Cikinta shi ne na mai ɗinki."

A cikin jikokinsa, wadda gida ke kira Auta ita ce ta taso da son tufafi. Tun tana sakandare take cika bayan littattafanta da zanen riguna. Da ta gama, aka sa ta wata makarantar koyon zane da ɗinkin tufafi a Kaduna. Allah ya yi mata kaifin ido da saurin hannu. In ta ga riga a Instagram da daddare, kafin la'asar ɗin gobe ta fitar da irinta a keke. 'Yan ajinsu suna sha'awarta, ita ma ta san da haka. Aikin kakanta kuwa, kallon kayan da take yi masa.

In ta zo hutu yakan kira ta, "Amarya, zo ki zura mini zare, idon nan ya fara yi mini gardama."

Ta zura tana dariya. "Kai dai tsoho, wa zai jira riga wata huɗu a zamanin nan? Injin surfani na kwamfuta zai yi maka askar nan kafin a kira azahar."

"Zai yi," in ji shi. "Amma in ya gama, ki juya ki gani."

A farkon 2023 makarantarsu ta zaɓi ɗalibai goma sha biyu don tafiyar nazari ta kwana goma zuwa Landan, su ga gidajen tarihi da manyan kantunan tufafi. Sunan Auta ne na farko. Dare uku ta yi ba ta yi barcin kirki ba tana ɗinka kwat da za ta sa a can, wadda ta kwaikwayo daga hoton wani shahararren gidan ɗinki na Faransa. Ranar da ta je sallama Zariya, ta ɗaga kwat ɗin a gaban kakanta. Ya miƙa hannu zai juya, ta janye da sauri.

"Kada ka ɓata mini guga!"

Bai ce komai ba. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya ciro wata 'yar jaka da ba ta fi tafin hannu ba. Da ragowar saƙi ya yi ta, ya ɗinka mata aska ɗaya da dagi da zaren tsamiya.

"Ungo, ki riƙa sa fasfo. Tafiya mabuɗin ilimi, Amarya, amma kyanta dawowa. Allah ya kiyaye hanya."

Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Tana fita daga lungun ta cusa jakar can ƙasan jakar hannunta, don kada 'yan ajinsu su gani.

Landan ta karɓe su da sanyin da ya sa hunturun Zariya ya zama wasa. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari. Malamar da ta jagorance su, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta raba wa kowa littafi da fensir tun a masauki.

"'Ya'yana," ta ce, "duk abin da ya burge ku, ku tsaya ku kalle shi da kyau, ku zana shi, sa'an nan ku ɗauki hoto. Waya tana ajiye abu, amma ba ta koyar da hannu."

Auta ta ce to, ta kuma ci gaba da ɗaukar hoto.

Kwana biyun farko na kantuna ne. Sun shiga Selfridges a titin Oxford, wanda aka buɗe tun 1909, sun ga yadda ake shirya tagogi kamar dandalin wasan kwaikwayo. Sun leƙa Harrods. Sun daɗe a Liberty, kantin da Arthur Liberty ya fara a 1875, wanda aka yi gininsa na yanzu da katakon tsofaffin jiragen ruwan yaƙi guda biyu. A can suka taɓa lallausan yadin audugar da ake kira Tana Lawn, mai ɗauke da sunan tafkin Tana na ƙasar Habasha. Auta sai juya farashi take yi daga fam zuwa naira tana riƙe baki.

A wani ƙaramin shago da ke bayan babban titi suka ga gyale mai shuɗi mai duhu, an rataye shi shi kaɗai a bango. A jikinsa an ɗaura kati mai bayanin wanda ya rina shi, da ganyen da aka yi rinin da shi, da yawan tsomawar da aka yi masa. Kuɗinsa ya isa sayen sabon keken ɗinki a gida. Wata 'yar Kano a cikinsu ta kai hanci ta shinshina.

"Malama, wallahi ƙamshin marina ne! Irin wannan ai shi muke wucewa kullum a Ƙofar Mata."

"Shi ne," in ji Malama. "Baba ne da toka da ruwa, a bar su a rami su nuna. Yadi ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Marinar Ƙofar Mata ana cewa tun 1498 take. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafinta har Tambutu da Tarabulus. Sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha da sauri, kasuwar baba ta fara karyewa ko'ina a duniya. Yau ga shi masu kuɗi sun juyo suna neman na ganye. Ku lura da katin nan. Rabin kuɗin gyalen na rini ne, rabin na labarin da aka rubuta a jikinsa."

Auta ta ɗauki hoton farashin. Katin kuwa ba ta karanta ba.

Rana ta uku suka nufi gidan tarihi na Victoria da Albert, wanda aka kafa a 1852. Sun fara da tufafin Turawa na ƙarnukan baya. Sun ga rigar fada ta matan Ingila ta wajajen 1750, mai faɗin ƙugu har sai mace ta karkace kafin ta shige ƙofa, an cika ta da surfanin hannu. Daga nan suka shiga abin da ya kawo su, wato baje kolin tufafin Afirka da aka buɗe a watan Yulin 2022, mai ɗauke da aikin masu zane 45 daga ƙasashe fiye da 20.

Malama ta tsayar da su a gaban aikin Shade Thomas-Fahm. Ta ba su labarin yadda matar ta zo Ingila a 1953 da niyyar karatun jinya, ta koma karatun tufafi, ta kuma tattara ta koma Legas a 1960 ta buɗe shagonta, tana aiki da saƙa da rinin Yarabawa, har ta yi wa zani zif don matan da ke sammakon zuwa ofis. Suka ga aikin Chris Seydou na Mali, wanda ya ɗauki yadin da ake rinawa da laka ya yanka shi yankan zamani. Suka ga na Kofi Ansah na Ghana. Suka ga na Alphadi na Nijar, wanda a 1998 ya kai bikin nunin tufafin Afirka cikin hamada kusa da Agadas.

"Me ya haɗa mutanen nan?" Malama ta tambaya.

Auta ta riga kowa. "Duk sun zo Turai, Malama. Shi ya sa suka yi suna."

"Kin faɗi rabi. Sun zo. Da me suka zo, da me kuma suka koma? Ki riƙe tambayar, ba yau nake son amsa ba."

Amsar ta same ta a rana ta biyar, a titin Savile Row, inda telolin kwat na Landan suka yi sansani tun ƙarni na 19. Gajeren titi ne marar hayaniya. A sama akwai shaguna masu ƙofar katako, ciki har da na Ozwald Boateng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne. In mutum ya leƙa ƙasa ta tsakanin ƙarafan bakin hanya, zai hango teloli a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sun sunkuya kan allura. Malama ta riga ta nemi izini a ɗaya daga cikin shagunan, aka sauka da su.

Wani tsohon mai yanka ya tarbe su, da tef a wuya da alli a hannu. Ya nuna musu yadda ake yanka wa kowane mutum takardar awonsa shi kaɗai, a rubuta sunansa, a rataye ta shekara da shekaru. Ya nuna musu kwat da aka harhaɗa da farin zare na wucin gadi, wadda mai ita zai zo ya gwada sau biyu ko uku, a warware a gyara. Ya ce kwat da wando guda suna cin aikin hannu na sa'a 50 ko fiye. Ya buɗe musu wani tsohon littafin ciniki da ya haura shekara ɗari, ga sunan mai riga, ga irin yadi, ga ranar da aka yanka.

Sa'an nan ya ce, "To, ni ma a nuna mini. Wa ya zo da abin da ya ɗinka da hannunsa?"

Auta ta cire kwat ɗinta ta miƙa, tana murmushi. Tsohon ya karɓa. Bai ko kalli gabanta ba. Ya zura hannu cikin hannun rigar, ya juya ta, ya sa yatsa yana bin ɗinkin.

Gaban Auta ya faɗi. Wannan juyawar ta san ta. Tun tana rarrafe take ganinta a wani zaure.

Cikin kwat ɗin ya bayyana a gaban kowa: zare na reto nan da can, shafi ya tattare a hammata, bakin yadi ba a kashe ba, wani wurin ma da gam ta manne don sauri. Tsohon bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba.

"'Yata, idonki yana da kyau. Na gane gidan da kika kwaikwaya tun daga bakin ƙofa. Amma wannan in ta sha wanki uku za ta saki. Kuma ko ba ta saki ba, rigar wani ce kika ara. Ina taki?"

Kunya ta rufe Auta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe jaka tana laluben hankici, sai 'yar jakar saƙin nan ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Kafin ta sunkuya tsohon ya riga ta ɗauka. Ya dube ta, ya ciro fasfon ya miƙa mata, ya juya jakar ciki waje. Ya gyara tabarau. Ya matsa ƙarƙashin fitila. Ya daɗe shiru, sa'an nan ya kira yaran shagonsa biyu, suka bar aikinsu suka zo.

"Ku duba nan. Ku nemo mini ƙulli ɗaya." Suka duba, ba su samu ba. Bayan ɗinkin a share yake kamar gabansa. Ya juyo wurin Auta. "Wa ya yi wannan?"

"Kakana ne," ta ce a hankali.

"Shekara nawa yana yi?"

"Ban sani ba. Tun kafin a haifi babana."

"Wannan zaren fa? Ba auduga ba ne, ba kuma irin silikin da na sani ba."

"Tsamiya yake ce masa. Ban san yadda ake yinsa ba."

"Yaya yake ɓoye bakin zare haka in ya fara da in ya ƙare?"

"Ban sani ba."

Tsohon ya mayar da jakar daidai, ya miƙa mata da hannu biyu. "Gida ɗaya kuke da mutumin nan, kika hau jirgi kika zo tambayata? Ni shekara arba'in ke nan ina riƙe da allura, da zan sami mako guda kusa da shi da na zauna."

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, kan hanyar komawa masauki, babu wanda ya ji muryar Auta. Malama ta zauna kusa da ita, ta bayyana mata cewa zaren tsamiya daga saƙar wasu tsutsotsi yake fitowa, waɗanda ke cin ganyen tsamiya. Ana dafa gidan nasu da ruwan toka, a wanke, mata su kaɗa shi ya zama zare.

"A zaurenku ake aiki da shi, 'yata, ga shi a Landan kike jin labarinsa."

Rana ta bakwai suka je Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753. Malama ta riga ta rubuta takarda tun daga gida, saboda haka aka shigar da su ɗakin nazari, inda wata ma'aikaciya mai safar hannu ta shimfiɗa musu tsohuwar babbar riga a kan dogon tebur. Saƙi ce, an harhaɗa ta da siraran ƙwaryoyin saƙar hannu masu yawan gaske, shuninta bai kwanta ba har yau. A kan aljihu ga dogayen tsinaye sun sauko a jere.

"Aska takwas," in ji Auta, ba ta ma san ta yi magana ba. "Wancan zagayen tambari ne. Ga dagi nan."

Ma'aikaciyar ta ɗago da fara'a. "Kin san su?"

"Sunayen kawai na sani."

Ta roƙa a ɗaga mata gefen rigar. Matar ta ɗaga a hankali kamar mai ɗaukar jariri. Ga shafi na jan alharini, irin wanda fatake suke ƙetaro Sahara da shi. Ga bayan ɗinkin, dubban ƙananan idanu da aka zagaye da zare ɗaya bayan ɗaya, babu ƙulli, babu zaren da ya yi tsalle. Hannun kakanta sak, a rigar da ta girme shi.

"Wa ya ɗinka ta?" Auta ta tambaya.

Matar ta duba takardar rigar. An rubuta yankin da ta fito da zamanin da aka yi ta. "Sunan mai ɗinkin bai zo tare da ita ba," ta ce.

Auta ta tsaya tana lissafi a zuci. Akwai wanda ya noma audugar. Akwai matar da ta kaɗa zaren, da masaƙin da ya saƙa, da marinin da ya tsoma hannu a rami, da telan da ya haɗa ƙwaryoyin, da malamin da ya yi zanen da alƙalami da tawada, da wanda ya ƙarar da idonsa wata da watanni a kan allura, da mabugin da ya buge ta har ta yi sheƙi. Mutum takwas, ko ɗaya ba a san sunansa ba. Ta tuna littafin cinikin Savile Row. Ta tuna katin da ke jikin gyalen nan da ba ta karanta ba.

Da suka fito, Malama ta ce mata, "Akwai wani Bature, David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya bi masu ɗinkin hannu yana tambaya yana rubutawa, har ya shirya baje kolin sana'o'in Hausawa a nan Landan a 1976. Baƙo ya tsuguna ya tambaya. Mu 'yan gida mukan tsallake buzun mu wuce."

Da daddare Auta ta kira gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Umma, ya jikin tsoho?"

"Da sauƙi. Idon ne dai. Shekaranjiya ya naɗe rigar da yake yi ya sa a adaka, ya ce ba ya ganin zanen. Ko rabi bai kai ba. Ya ce a ba mai ita haƙuri."

Auta ta ajiye waya ta yi kuka mai isarta. Washegari ta ɗauki littafin da Malama ta ba ta, wanda har ranar babu ko layi ɗaya a ciki. Kwana ukun da suka rage ta yi su tana zane da tambaya. Ta koma wurin tsohon mai yanka ta roƙe shi ya nuna mata yadda ake fitar da takardar awo da yadda ake ɗora hannun kwat, ya nuna mata. 'Yan kuɗin da ta tanada don turare da takalmi, ta sayi allurai da madubin ƙara girma mai fitila da babban littafi mai bango mai ƙarfi.

Ranar da ta isa Zariya, ba ta shiga cikin gida ba sai da ta tsaya a zaure. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi. Yana zaune a kan buzu, gwiwarsa babu riga.

"Amarya 'yar Landan! Me aka kawo wa miji?"

Ta ɗora masa kwat ɗin a cinya. "Juya ka gani, Kaka."

Ya juya, ya bi ta da yatsa. Da ya kai wurin gam sai ya yi murmushi. Ta kwashe labari duka ta faɗa masa, ba ta rage ko "ban sani ba" ɗaya ba. Ya saurara har ta gama.

"Ashe akwai masu juya riga a can ma," ya ce. "To, Allah ya yi masa albarka. Ya faɗa sau ɗaya kin ji. Kayan aro ba ya rufe katara, Amarya. Amma ba ki yi asarar tafiya ba. Wani abin sai mutum ya yi nisa yake hango shi."

"Ka koya mini."

"Idona ya tafi."

"Ga nawa. Kai kuma ga yatsanka."

Aka buɗe adaka aka ciro rigar. Ba baƙon abu ba ne a birnin Zariya a ga mace da ɗinkin babbar riga, don matan birni sun daɗe da shiga sana'ar a cikin gidajensu. Abin da unguwa ba ta saba gani ba shi ne 'yar makarantar zamani a zaure da allura a hannu da littafi a gefe. Ba a kan rigar ya fara ta ba. Ƙyalle ya ba ta. A makon farko sau bakwai yana shafa bayan aikinta ya ce, "Warware." Hannun da ya saba fitar da riga a yini guda ya koma yin ido goma daga hantsi zuwa azahar. Ta huda yatsu, ta yi fushi, ta yi shiru, ta sake zura zare. Sai da aka yi wata biyu ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Ɗauko rigar."

Duk hutu da duk ƙarshen mako tana Zariya. Abin da ya faɗa sai ta rubuta: sunan kowane zane, inda ake farawa, yadda ake kwantar da bakin zare a ƙarƙashin 'yan'uwansa har ya ɓace, yadda ake gane tsamiya ta gaske. Ta kwafe zanukansa a takarda ta rataye su kamar yadda ta gani a Landan. Wata rana ta tambaye shi wa ya koya masa, wa kuma ya koya wa wancan. Ya lissafo mata har kakan kakansa, kamar yadda almajiri yake lissafo malaman da karatu ya biyo ta hannunsu. Ya aike ta wurin wani tsohon masaƙi da wani marini da suka yi zamani tare, su ma ta tsuguna ta tambaya. Rigar da ya naɗe ta ƙare kafin babbar salla, mai ita ya zo ya karɓa, bai iya nuna inda hannun kaka ya tsaya na jika ya ɗora ba.

Da lokacin aikinta na kammala makaranta ya zo, Auta ta ɗinka doguwar kwat ta mata. Yankan na Landan ne, da takardar awo da gwaji uku. Yadin saƙi ne na masaƙin nan. A kan aljihu ta sauko da aska biyu da zaren tsamiya. Kafin ta kai makaranta, ta kawo zaure.

Tsohon ya karɓa ya juya. Yatsansa ya bi wuya, ya bi kafaɗa, ya sauka hammata, bai tsaya ba. Can kusa da shafi, inda ba mai gani, ya ci karo da wani ɗinki.

"Wannan fa? Ba ya cikin zane."

"Bi shi a hankali, Kaka. Daga dama."

Ya bi. Ajami ne, ta ɗinka shi da allura. Leɓɓansa suka fara motsi. Ya karanta sunan masaƙi. Ya karanta sunan marini. Ya karanta sunan kakansa, da na mahaifinsa, da nasa. A ƙarshen layi ga nata. Yatsan ya koma kan sunan mahaifinsa ya tsaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sai hawaye da ke bin furfurar gemunsa.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Yanzu kin dawo."

Jama'a, darasin labarin nan bai hana kowa tafiya ba. Da Auta ba ta je Landan ba, da ba ta koyi yanka ba, da ba ta ga yadda wasu suke rubuta sunan mai aiki su adana takardarsa ba. Ilimi duk inda yake abin nema ne. Amma mai zuwa kasuwa hannu wofi kallo kawai yake yi, kuma wanda bai san abin da ke gidansu ba, ko ya zaga duniya, da kayan aro zai dawo.

Sa'an nan aiki, kowane iri ne, yana da gaba yana da ciki. Gaban shi ne abin da ake ɗauka a hoto. Cikin shi ne wurin da ba wanda zai duba sai mai aikin da Ubangijinsa, kuma shi ne ke riƙe da riga ranar da ta sha wanki. Haka yake ga tela, haka yake ga magini da malami da mai riƙon amanar jama'a.

A unguwarku ma akwai irin zauren nan. Akwai tsohuwa mai kaɗi, ko maƙeri, ko baduku, ko marini, da 'ya'yansa suka kama wata hanya. Idonsa yana raguwa kullum. Kada mu jira sai mun ga aikinsa a kan teburin wata ƙasa babu suna. Mu tuɓe takalmi, mu durƙusa, mu tambaya, mu rubuta, tun yatsansa yana iya gaya mana inda muka yi kuskure.